Hotunan da ke ƙasan adaka: yaushe aka ɗauka, kuma a ina?

Da wuya a samu gida a Sarkin Dawaki da ba shi da tsohon hoto ko da ɗaya. Wani yana ƙasan adakar kaka an naɗe shi da ɗankwali, wani yana maƙale a bayan madubi, wani kuma yana cikin tsohon fasfon aikin Hajji. Matsalar ita ce yawancinsu ba su da baki. Ba suna, ba shekara, ba wuri. Wanda ya san waɗanda ke ciki ya riga mu gidan gaskiya, ko kuwa yana nan amma ido ya yi rauni. Ga gara, ga danshin damina, ga ruwa. Duk wanda ya ga ambaliyar Agustan 2005, wadda ta karya gadar Nukkai, ya san takarda ba ta jayayya da ruwa.

Yanzu samarinmu sun fara ɗaukar waɗannan hotuna da waya suna watsawa a Facebook da WhatsApp, kuma mun ji daɗin haka. Sai dai kash, da yawa ana liƙa musu shekarar da aka ga dama. Ka ga hoto mai launi an rubuta "Jalingo 1940", ko hoton kasuwar wani gari an ce tamu ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gare mu. Mu mutane ne da kakanninmu suka zo daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi, da fatauci da almajiranci da sana'a, kuma har gobe akan tambaye mu tun yaushe muke nan. Hoton da aka tabbatar da shekararsa hujja ne. Wanda aka yi wa ƙarya kuwa, ranar da aka gano shi, har na gaskiyar ma sai a daina yarda da su.

Kafin a ce wani hoto na shekara kaza ne, sai an san shekarun garin kansa. Jalingo ba tsohon birni ba ne kamar Kano. Masarautar Muri ta kafu a wajen 1817 a hannun Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, amma garin Jalingo sai a 1893 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa shi, bayan yaƙin Kona na ƙarshen 1892 wanda Bafaranshen nan Mizon ya taimaka masa da bindigoginsa. Da Turawan Ingila suka zo, sai suka yi Lardin Muri mai hedikwata a Ibi, a 1926 kuma suka rushe shi, aka haɗa ƙasar Muri da Lardin Adamawa. Daga nan sai Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, sannan Taraba ranar 27 ga Agusta 1991. Waɗannan shekaru su ne tsanin da ake hawa. Allon ofis ko na makaranta ko hatimin da ke bayan hoto in ya ce Gongola, to ba a ɗauke shi kafin 1976 ba. In ya ce Taraba, magana ta ƙare, bai kai shekara arba'in ba, komai tsufan da ya yi a ido.

Sarauta ma ma'auni ce. Muhammadu Mafindi ya yi sarautar Muri daga 1921 zuwa 1953, sai Muhammadu Tukur ya gaje shi, sai Umaru Abba Tukur wanda gwamnan soja na Gongola, Yohanna Madaki, ya tuɓe a 1986, sannan Abbas Njidda Tafida ya hau a 1988. Hoton hawan Sallah ko na naɗin sarauta, in dattawa suka shaida sarkin da ke ƙarƙashin laima, an riga an sa masa iyaka gaba da baya.

Amma ka'idar da ta fi kowace amfani ita ce wannan: abin da ya fi sabunta a cikin hoto shi ne ke faɗin gaskiya, ba abin da ya fi tsufa ba. Babbar riga takan yi shekara talatin ana sa ta, keken Raleigh yakan wuce daga uba zuwa ɗa. Don haka ganin tsohon abu ba ya nuna komai. Sabon abu kuwa ba ya iya shiga hoto kafin a ƙirƙiro shi. In an ga tutar kore da fari da kore a kan sanda, to daga 1 ga Oktoba 1960 ne zuwa gaba. In allon mai shago ya rubuta farashi da fam da sule, ana kusa da zamanin kafin Janairun 1973 da naira ta shigo, ko da yake bakin mutane ya daɗe yana cewa sule bayan nan. In ana liƙa wa ango takardar naira ashirin mai hoton Murtala, ba a kai ga haka ba sai 1977. Ɗan bautar ƙasa da kakinsa bai wanzu ba kafin 1973. Taron yara birjik da sabon yunifom a gaban ajin da ba a gama fenti ba, a fara tunanin UPE ta 1976. Ɗan doka na En'e kuwa alama ce ta baya, domin an narkar da su cikin 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970. Fosta ko tambarin jam'iyya ma haka: NPC da NEPU sun tsaya a Janairun 1966, NPN da GNPP da PRP na 1979 zuwa 1983 ne, lokacin da Abubakar Barde na GNPP ke gwamnan Gongola, dokin SDP da mikiyar NRC kuma na farkon shekarun 1990.

Mota tana da nata bayanin. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, saboda haka in motoci suna bin hagun titi, hoton ya girmi wannan rana. A nan sai an yi hattara: masu wanke hoto wani lokaci sukan kifa fim ɗin, dama ta koma hagu. A nemi wani rubutu a cikin hoton, ko lambar mota ko allo, a ga ko a miƙe yake ko a juye. Ita Peugeot 504 sai daga 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna, daga nan ne ta cika gari.

Akwai wata dabara da mu Musulmi muka fi kowa sauƙin amfani da ita. Sallah tana ja da baya kamar kwana goma sha ɗaya kowace shekara, sai ta zagaye damina da rani cikin kimanin shekara 33. Ƙaramar Sallar 1970 ta faɗo a bakin Disamba, ta 1980 kuma a tsakiyar Agusta. To in hoton Idi ya nuna hazo ya rufe duwatsu, mutane sun yi rawani har baki, ƙasa a bushe, wannan da hunturu ne. In ciyawa ta yi shar, ga hadari a sama, damina ce. Sai a tambayi masu hoton ƙarama ce ko babba, a haɗa da sauran alamu, shekarun da za su dace ba za su wuce 'yan kaɗan ba.

Gano wuri ya fi wuya, don Jalingo ta canza kama ƙwarai tun da ta zama babban birnin jiha. Gidan ƙasa ya koma bulo, fili ya koma shaguna. Abin da ba ya tashi shi ake dubawa: siffar duwatsun da ke bayan mutane, gaɓar Mayo Gwoi ko Lamurde, tsohuwar tsamiya ko kuka, da fuskar masallaci, tunda alƙibla ba ta juyawa. Kuma kada mu ɗauka duk hoton da aka samu a gidan Jalingo a Jalingo aka ɗauke shi. Iyayenmu matafiya ne. Wani a Lau aka yi shi a bakin Binuwai, wani a Yola ko Jos, wani a Makka. Labulen da ke bayan mutum mai zanen bene ko jirgin sama kayan sutudiyo ne, ba gidan kowa ba ne.

Shi ya sa bayan hoto yake da daraja kamar gabansa. A nan ake samun hatimin mai hoto da garinsa, da rubutun ajami ko na boko, da tambarin kamfanin takardar. In an ga Agfa-Gevaert, alal misali, ba a yi takardar ba kafin 1964, shekarar da kamfanonin biyu suka haɗe. Duk mai ɗaukar hoto da na'urar sikana ya ɗauki gaba da baya, da gefensa duka, kada ya yanke. A sa na'urar a kan 600, kuma a ɗauka da launi ko da hoton baƙi da fari ne, domin yadda takarda ta koɗe ma alama ce. In waya ce kawai a hannu, a fita inuwa da rana, a shimfiɗa hoton, a kashe filasha. A ajiye kwafin farko yadda ya fito, kafin a shiga wasan manhajojin nan masu shafa launi da gyara fuska, waɗanda ke mayar da kakan mutum wani daban. WhatsApp yana rage ƙarfin hoto, don haka ba ma'ajiya ba ne. Laminatin kuwa, don Allah a bari. Zafi da roba suna kama fuskar hoton, ba a kuma iya ɓare su. Wanda ya manne da gilashi a bar shi a haka a ɗauke shi ta cikin gilashin.

Wasu sun riga mu wannan aiki. Ɗakin karatu na British Library da ke Ingila yana da shirin ceto tsofaffin takardu tun 2004, kuma ta nan aka kwafe dubban fina-finan wani mai hoto, Jacques Toussele, na garin Mbouda a Kamaru maƙwabciyarmu. A gida kuma akwai Gidan Adana Takardu na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, inda mai neman tabbatar da shekarar wani taro ko zuwan wani Razdan zai iya bincikawa.

Sai dai babu na'urar da ta kai tsohuwa mai ido da tunani. A kai mata hoton a kan babban allo, a faɗaɗa fuskokin, a yi shiru a bar ta ta yi magana, kada a riga ta da cewa "wannan ba wane ba ne?", don kunya za ta sa ta amsa. Tsofaffi ba sa lissafi da lamba, sukan ce shekarar da aka canza kuɗi, ko shekarar da aka kashe Sardauna, ko bayan yaƙin Biyafara. A tambaya wane canjin kuɗi, na 1973 ko na Buhari a 1984. A rubuta abin da ta faɗa da sunanta da ranar da ta faɗa, a kai wa wani dattijon daban ba tare da an gaya masa amsar farko ba. In sun dace, madalla. In sun saɓa, a rubuta duka biyun. Hoton matan gida kuma, ko na mamaci, a nemi izinin iyalansa kafin a sa shi a intanet. A ƙarƙashin kowane hoto, inda shekara ba ta tabbata ba, a rubuta "tsakanin 1976 da 1983", da fensir, a jikin ambulan ɗin da aka sa shi.