Daga Zaure Zuwa Waya a Kankiya

Na tashi a Kankiya tun muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Kusada ma sai 1996 ta samu ƙaramar hukumarta. A wancan zamani, duk wanda zai kai ga yaro sai ya bi ta zaure, inda Baba yake shimfiɗa buzunsa bayan la'asar. Baƙo ya yi sallama, a tambaye shi ɗan gidan wa ne. Saurayin da ke zuwa zance wurin yayata bai taɓa wuce dakali ba. Yaro yake aikawa ya ce ana sallama da wance, ita kuma ba ta fitowa sai da ƙanwarmu a gefenta, ko da kuwa yarinyar gyangyaɗi take yi.

In farin wata ya fito sai dandali, 'yan mata na gaɗa, mu muna langa. Can ma akwai ido. Duk babban da ya ji ka yi ashar zai ja maka kunne, domin ɗa na kowa ne, kuma in ka kai ƙara gida wata bulalar za ka tarar.

Rediyo bai rushe wannan tsari ba, tunda a fili yake magana. Haka bidiyo a shekarun 1990: a tsakar gida ake kunna kaset, abin da bai dace ba ya fito, Inna ta ce a kashe. Gidan kallo ne ya fara janye yara, amma shi ma yana da ƙofa, uba na iya zuwa ya kamo ɗansa.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, layi da tsada, sai 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Da ta yi araha aka samu masu tura fim a memori, sannan 2go, Facebook, yau ga TikTok. Baƙo ya daina sallama. Bara 'yar ƙanena mai shekara 14 ta yi wata biyu tana hira da wata "ƙawa" da tsakar dare, ashe ƙato ne, har ya fara neman hotunanta. Mahaifinta yana zaure kullum, bai sani ba. Abin ya girgiza ni ƙwarai.

Tun daga ranar da na ji labarin, wayoyin yaran gidana a ɗakina suke kwana bayan isha'i, kuma na san lambar buɗe kowace. Ina zama da su mu duba tare, ina yi musu tambayar da Baba yake yi wa baƙo: wannan ɗan gidan wa ne? Iyayen Kankiya da Kusada, don Allah ku karɓi wayar ɗanku yau da dare ku yi masa wannan tambayar.