Adam Curtis: mai fina-finan da ke tona yadda masu mulki ke tsara wa jama'a labarin duniya

Akwai wani irin fim da babu ƴan wasa a cikinsa, babu rawa babu waƙar soyayya. Hotuna ne na abubuwan da suka faru da gaske ake harhaɗawa, a aza murya bisa tana bayani. Shi ne masu jin Faransanci ke ce ma dokimanter. Cikin masu wannan sana'a, kaɗan ne suka jawo gardama kamar wani Baturen Ingila mai suna Adam Curtis.

An haife shi a 1955, kuma kusan duk aikinsa a gidan BBC ya yi shi. Ba ya yawan ɗaukar kamara ya fita. Ɗakin ajiyar tsofaffin kaset na BBC yake shiga, ya tsinto hotunan da aka ɗauka shekaru aru-aru aka manta da su, har waɗanda ba a taɓa nunawa ba: shugaba yana gyaran wuyan riga kafin ya fara jawabi, soja yana hamma, mutane na rawa a gidan biki. Sai ya jera su, ya sa kiɗa, ya yi magana a kai da muryarsa. Tambayar da yake bi kullum ita ce: wa ke riƙe da mulki da gaske, kuma wane labari ake ba talakawa don kada su gane?

Fim ɗin da ya fito da sunansa sosai shi ne The Century of the Self, kashi huɗu, a 2002. A nan ya ba da tarihin Edward Bernays, ɗan ƴar'uwar Sigmund Freud, likitan nan na Ostiriya mai binciken tunanin ɗan Adam. Bernays ya ɗauki ilimin kawunsa ya kai shi kasuwa a Amurka. A 1929 yana yi wa wani kamfanin taba aiki, lokacin mace ta sha sigari a bainar jama'a abin kunya ne. Sai ya shirya wasu mata suka kunna sigari a tsakiyar jerin gwanon bikin Ista a birnin New York, ya sanar da ƴan jarida tun da wuri cewa alamar ƴancin mata ce. Jaridu suka buga. Kun ga an sayar da taba da sunan ƴanci. Shi dai wannan mutum ya yi wa kamfanin ayaba na United Fruit aikin ɓata sunan shugaban Guwatemala, Jacobo Arbenz, har aka kifar da gwamnatinsa a 1954 da hannun hukumar leƙen asirin Amurka.

A 2004 ya fitar da The Power of Nightmares, inda ya ce ƴan siyasa sun daina yi wa mutane alkawarin gobe mai kyau, sun koma alkawarin tsare su daga abin tsoro, kuma su ke kambama tsoron. A 2015 sai Bitter Lake, kan Afganistan da Saudiyya, wanda ya ɗauko daga ganawar shugaba Roosevelt na Amurka da Sarki Abdul'aziz cikin jirgin ruwan yaƙi a mashigin Suwez, a watan Fabrairu na 1945.

To amma wanda ya fi shafarmu shi ne HyperNormalisation, da ya fito a watan Oktoba na 2016 a shafin intanet na BBC, tsawonsa awa biyu da minti 46. Kalmar ba tashi ba ce. Wani malami ɗan asalin Rasha, Alexei Yurchak, shi ya ƙirƙiro ta don bayyana ƙarshen zamanin Tarayyar Sobiyet. A lokacin kowa ya san tattalin arziki ya lalace, ya san alƙaluman da gwamnati ke karantowa ƙarya ne, su ma shugabannin sun san an sani. Amma da yake babu wanda ke iya hango wani tsari daban, sai kowa ya ci gaba da yi kamar komi lafiya lau, har ƙaryar ta zame masu rayuwar yau da kullum. Curtis ya ce ƙasashen Yamma ma nan suka faɗa.

Ya fara labarin daga 1975, a birane biyu. A New York, hukumar birnin ta ci bashi har wuya, bankuna suka ƙi ƙara ba ta, daga bisani aka kafa kwamiti mai cike da masu kuɗi ya riƙe baitulmalin birnin, aka sallami dubban ma'aikata. A ganin Curtis, a nan ne iko ya fara sulalewa daga hannun waɗanda aka zaɓa zuwa hannun masu banki. Wanda ya ga zamanin da aka tsuke bakin aljihun gwamnatocinmu da sharuɗɗan FMI da Bankin Duniya, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Birni na biyu shi ne Damaskus, inda shugaban Siriya Hafez al-Assad ya ga Henry Kissinger na Amurka ya raba kan Larabawa, ya bar batun Falasɗinawa a gefe, ya kuwa ƙullace shi.

Daga nan ne Gaddafi ya shigo, kuma nan ne ya kamata ɗan Nijar ya kasa kunne, domin Libiya maƙwabciyarmu ce, gidaje nawa ne a Damagaram da Tawa da Agadas da ba su da wanda ya taɓa zuwa can cirani? Abin da Curtis ya ce shi ne, bayan harin da ya kashe sojojin Amurka 241 a Beirut a 1983, gwamnatin Reagan ta ga Siriya da Iran sun yi mata wuyar taɓawa, sai ta nemi abokin gaba mai sauƙi. Gaddafi ga baki ga son a san da shi, ba shi da manyan masu tsaya masa. Aka maida shi dodon duniya, shi kuma ya karɓi rawar da hannu biyu, don ta ƙara masa suna. A watan Afrilu na 1986, bayan tashin bam a wani gidan rawa a Berlin, jiragen Amurka suka yi ruwan wuta a Tirifoli da Bengazi.

Sai labari ya juye. A 2003 Libiya ta ɗauki alhakin jirgin da ya tarwatse a Lockerbie a 1988, inda mutum 270 suka mutu, ta kuma ce ta bar shirin manyan makamai. A watan Maris na 2004 ga Tony Blair, firaministan Ingila, cikin tantin Gaddafi suna musabaha. Dodo ya zama aboki. Shekara bakwai bayan haka jiragen OTAN suka taya ƴan tawaye, aka kashe shi a Sirte ranar 20 ga Oktoba, 2011. Mutum guda, riga uku aka sa masa, kowace daidai da bukatar lokacin. Abin da ya biyo baya kuwa, makaman da suka watsu cikin Sahel da ƴan'uwanmu da suka dawo hannu wofi, mu muka gan shi da ido.

Sai dai a nan akwai inda ya kamata a taka wa Curtis birki. Fim ɗin yana karkata ga cewa hannun Siriya ya fi yawa a hare-haren da aka ɗora wa Libiya. Amma kotun Berlin a 2001 ta samu hukumar leƙen asirin Libiya da hannu a bam ɗin gidan rawa, kuma a shekarar ne alƙalan Sukotlan suka ɗaure wani jami'in Libiya, Abdelbaset al-Megrahi, kan Lockerbie, ko da yake har yau ana gardamar wannan hukunci. Mu ma muna da namu a gida. Ranar 19 ga Satumba, 1989, jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Barazabil ya bi ta Njamena zai tafi Paris ya tarwatse a sararin Tenere, mutum 170 suka rasu, babu wanda ya tsira. A 1999 kotun Paris ta yanke wa ƴan Libiya shida ɗaurin rai da rai a bayan idonsu, har da surukin Gaddafi, Abdullahi Sanusi. An yi amfani da Gaddafi, wannan gaskiya ne, amma hannunsa ba fari ba ne.

Ƙarshen fim ɗin ya koma kan intanet. Ya kawo Vladislav Surkov, mashawarcin Putin a wancan lokacin, wanda aka ce yana tallafa wa ƙungiyoyi masu adawa da juna, sannan ya bari a san shi ya yi, don mutane su rasa gane na gaske da na bogi. Manufar ba a sa ka yarda da ƙarya guda ba ce, a gajiyar da kai ne har ka ce duk ɗaya ne. Ya kuma nuna yadda Facebook da ire-irensa ke kawo wa mutum abin da ya riga ya yarda da shi, kamar mai kallon madubi, yana ta fushi a salula alhali masu mulki na nan inda suke. Fim ɗin ya fito makonni uku kafin zaɓen da ya ba Donald Trump shugabancin Amurka, kuma Trump na cikinsa tun daga farko.

Masu sukarsa na cewa shi ma abin da yake zargin wasu da shi yake yi: yana haɗa abubuwan da ke nesa da juna da zare siriri, kiɗa da daɗin murya su sa mai kallo ya yarda kafin ya auna. A ganina sukar tana da ƙamshin gaskiya, tunda ba kasafai yake kawo mai ja da shi ya yi magana ba. A 2022, a jerin da ya yi kan rushewar Tarayyar Sobiyet mai suna TraumaZone, ya cire muryarsa ɗungum, ya bar hotuna da ɗan rubutu a ƙasa.

Fina-finan da Ingilishi suke. Shafin BBC da ke ɗauke da su na mazauna Ingila ne kawai, amma ana samun da yawa a YouTube, wasu da fassarar Faransanci a rubuce. Masu dogon lokaci ne, suna cin kuɗin intanet, don haka wanda ke birni ko a waje gara ya sauke a katin salula ya aiko gida.