Yadda Sunayen Itatuwanmu Suka Shiga Littafi

Tun kafin wani Bature ya taka ƙasar nan, dajinmu yana da malamansa, ko da yake ba su riƙe alƙalami ba. Makiyayi ya san ciyawar da ke sa saniya nono da wadda ke kumbura mata ciki. Maharbi ya san kwankwani da tunya, waɗanda ake haɗa dafin kibiya da su. Majemi ya san bagaruwa. Tsofaffin mata kuwa sun san 'ya'yan hanza ɗaci gare su, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa, kana su ciwu. A yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba, da irin wannan sani talakawa da yawa suka tsira da rayukansu.

Turawan da suka fara zuwa yawon ganin ƙasa sun sa ido a kan itatuwanmu ƙwarai. Mungo Park, wanda ya isa kogin Kwara a 1796, ya ba mutanen ƙasarsu labarin kaɗanya da manta. Likita Oudney, abokin tafiyar Clapperton, ya yi ta tara ganyaye a hanya, har ajali ya same shi kusa da Katagum a 1824. Da aka duba abin da aka tara a wannan tafiya, sai a 1826 wani masani, Robert Brown, ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia don tunawa da Park. Bayansu Charles Barter, ma'aikacin lambu, ya biyo Likita Baikie, shi ma ya rasu a Raba, ƙasar Nufe, a 1859. Amma duk waɗannan masu wucewa ne.

Wanda ya zauna ya saurara shi ne Likita Dalziel. Ya zo ƙasar nan a 1905, aikinsa duba marasa lafiya, tsire-tsire kuwa sha'awa ce kawai. Ya yi zama a Kontagora da Katagum da Sakkwato da Yola. In ya sami tsiro, sai ya ɗebi reshe mai ganye da fure, ya shimfiɗa tsakanin takardu, ya danne da abu mai nauyi har ya bushe. Sa'an nan ya rubuta wurin da ya same shi, da ranar, da sunan da mutanen wurin ke kiransa, da amfanin da suke yi da shi, ya aika babban lambun Kiyu, kusa da Landan. A 1916 ya buga littafin sunayen tsire-tsire da Hausa, kowane suna da takwaransa na Latin, watau harshen da masana na duniya duka suka yarda su riƙa kiran tsiro da shi.

Da ya bar aikin likita sai ya koma Kiyu, ya haɗa kai da John Hutchinson, wanda shi ilmin tsiro ne sana'arsa. Tsakanin 1927 da 1936 suka fitar da babban littafin tsire-tsiren Afirka ta Yamma, a 1937 kuma Dalziel ya bi da wani a kan amfaninsu. Ya rasu a 1948. Itacen hano, mai ɓawo kamar takarda, har yau masana suna kiransa Boswellia dalzielii.

To, 'yan makaranta, ku lura. Likita ya kawo takarda da haƙuri, masanin Kiyu ya kawo tsari, amma sunayen da amfanin daga bakin manoma da makiyaya da bokaye suka fito, ga shi yawancinsu ba a rubuta ko sunansu ba. Yanzu gatari da gona suna cin daji, tsofaffi suna tafiya. Itacen da aka manta sunansa, ba a jin ciwon sare shi.

Saboda haka muna ba ku shawara, in an yi hutu kowa ya nemi ɗan littafi, ya bi kakansa zuwa gona. Ku tambayi abin da ya sa manomi ba ya sare gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana. Ku rubuta amsar, ku rubuta sunan wanda ya gaya muku. Allah ya sa mu dace, amin.