Yadda kwamfuta ta koyi jin abin da kunne ba ya ji

Ina yaro a Maradi, bayan sallar isha'i mahaifina yakan murɗa rediyo a gajeren zango yana neman BBC Hausa. Wani dare murya ta fito sarai, wani dare shuuu ta cinye ta. Na girma ina zaton kayan tsada ne kaɗai maganin wannan ƙara, sai da na bi tarihin masu sha'awar rediyo, waɗanda ke da lasisin aika saƙo tsakaninsu ba don kuɗi ba.

Katin sauti na kwamfuta awon sauti yake yi, ya mai da shi lambobi, bit kuma shi ke nuna yawan matakan awon. Katin Sound Blaster na 1989 bit 8 gare shi, matakai 256. A 1992 aka fito da mai bit 16, matakai 65,536. Na bit 24 ya haura matakai miliyan 16.

Masu rediyo suka fara haɗa na'urorinsu da katin. A 1998 Peter Martinez na Ingila ya fito da PSK31, hira a rubuce ta iska. A 2001 Joe Taylor na jami'ar Princeton a Amurka, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, ya saki manhajar WSJT. A 2017 shi da Steve Franke suka kawo FT8: saƙo ɗaya kowane daƙiƙa 15, kuma ana karanta shi ko da ƙarar da ke kewaye ta fi shi ƙarfi kusan sau ɗari. Da bit 16 aka yi wannan aiki.

Dalili kuwa, ƙarar tana shigowa ne tun daga eriya, daga walƙiya, wayoyin lantarki da cazar waya, a gauraye da saƙon. In gero na da tsakuwa, sikeli mai ƙananan layuka ba ya tsince ta. Abin da ya tsince ta lissafi ne: a aika a hankali, a siririyar hanya, da ƙarin lambobin gyara kuskure.

Bit 24 ma yana da ranarsa. Da ƙananan na'urorin SoftRock suka fito a 2005, katin kan karɓi tashoshi da yawa lokaci guda, sai a buƙaci awo mai faɗi don kada mai ƙarfi ta danne mai rauni.

Ƴan'uwa malamai da iyaye, in yaro mai son lantarki ya nemi a saya mashi kati mai tsada, ku fara sa shi ya ɗaga eriyarsa, ya cire caza daga bango, ya saurari bambancin. Kuɗin da suka rage a saya mashi littafin lissafi.