Rufe Makarantun Gwamnati da Tirjiyar Iyaye a Birnin Chicago, 2013–2024

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda iyaye da malamai a Chicago ta Amurka suka tunkari rufe makarantun gwamnati. Matsayinta shi ne, ko da yake ba su hana rufewar ba, sun mayar da muhawarar kan wanda ke da ikon yanke hukunci.

Tushen Rikicin

A watan Mayun 2013 hukumar ilimin birnin ta amince da rufe makarantu kusan 50 a lokaci guda, matakin da ya shafi ɗalibai wajen 12,000, kashi 88 cikin ɗari baƙar fata. Hujjar magajin gari Rahm Emanuel ita ce giɓin kasafi na kimanin dala biliyan ɗaya da kuma azuzuwan da ba su cika ba. Sai dai hujjar ta tsallake dalilin raguwar yaran. Tun daga 2000 birnin ke rushe gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, irin su Robert Taylor Homes, yana kuma buɗe makarantun "chata" (masu cin gashin kansu da kuɗin gwamnati) masu janye ɗalibai daga makarantun unguwa. Wato hukuma ta hukunta unguwanni kan ƙarancin da ita ta taimaka wajen haifarwa.

Salon Gwagwarmaya

Ƙungiyar malaman birnin, ƙarƙashin Karen Lewis, ta riga ta ƙulla zumunci da iyaye tun yajin aikin 2012. An yi zanga-zanga, an cika zaurukan jin bahasi, an shigar da ƙara, amma makarantu ƙalilan ne suka tsira. A lokacin, magajin gari ne ke naɗa mambobin hukumar, kamar yadda ake yi tun 1995, don haka ba su ji tsoron ƙuri'ar kowa ba.

Lamarin sakandaren Dyett a unguwar Bronzeville, wadda ita ma aka rufe, ya fi jan hankali. A Agustan 2015 mutum 12, cikinsu har da Jitu Brown na ƙungiyar unguwa ta KOCO, suka shiga yajin cin abinci da ya kai kwana 34 don neman a sake buɗe ta. An sake buɗe makarantar a 2016, amma a matsayin ta koyon fasahar zane da kiɗa, ba ta kimiyyar muhalli da suka nema ba. Hukuma ta ba da ginin, ta riƙe ikon tsara abin da za a koyar a cikinsa.

Sakamako

Binciken cibiyar nazarin makarantu ta Jami'ar Chicago na 2018 ya nuna cewa makin ɗaliban makarantun da aka rufe a 2013 ya fara faɗuwa tun shekarar da aka sanar da rufewar, kuma raunin lissafi ya bi su shekaru. Alƙawarin ingantaccen karatu bai cika ba.

Buƙatar da ta dawwama ita ce ta zaɓaɓɓiyar hukuma. Jihar Illinois, inda Chicago take, ta kafa dokar yin hakan a 2021, kuma a Nuwamban 2024 mazauna birnin suka zaɓi mambobi 10 daga cikin 21, sauran kuwa magajin gari ne ya naɗa su.