Tsakanin Maigida da Manaja: Nazarin Shugabanci da Halin Ma'aikata a Kamfanonin Fasaha Masu Tasowa a Wudil da Kano

1.0 Gabatarwa

Garin Wudil, mai nisan kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri, yana horar da matasa aiki ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce kasuwarsa mai ci ranar Juma'a, musamman karar shanu, da kuma rumfunan ɗinkin manyan riguna, inda yaro ke tashi a hannun maigida har ya zama mai cin gashin kansa. Ta biyu ita ce jami'ar kimiyya da fasaha da Gwamnatin Jihar Kano ta kafa a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022. Daga cikinta ne ake yaye matasan da suka karanci kimiyyar kwamfuta da injiniyanci, waɗanda wasunsu ke samun aikin farko a ƙananan kamfanonin fasaha na Kano da Kaduna da Abuja, wasu kuma su haɗa kai da abokan karatu su kafa nasu.

Wannan nazari ya dubi yadda ma'aikaci ke ɗanɗana shugabanci a irin waɗannan kamfanoni yayin da suke girma. Abin da yake son tabbatarwa shi ne: yawancin ƙorafin ma'aikata yana tasowa ne daga haɗa tsari biyu da aka ɗauki rabin kowannensu. An ɗauki biyayyar da yaro ke yi wa maigida, an bar nauyin da ke kan maigidan. An ɗauki dogon lokacin aiki da ƙaramin albashi na kamfanonin Amurka masu tasowa, an bar rubutaccen hannun jarin da ke rama wa ma'aikaci wahalarsa.

2.0 Fagen da Abin Yake Faruwa

Cikin shekarun da suka wuce, Arewa ta samu cibiyoyin renon masu ƙirƙira, irin su Startup Kano da Blue Sapphire Hub ta Maryam Lawan Gwadabe a Kano, da CoLab da Sanusi Ismaila ya buɗe a Kaduna a 2016. A Oktoban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kamfanonin fasaha masu tasowa, lokacin da Farfesa Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, aka kuma ɗora wa hukumar NITDA aikin ba su shaidar amincewa. A 2023 ministan da ya gaje shi, Bosun Tijani, ya ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan 3 sana'o'in fasaha.

Duk waɗannan matakai sun karkata ne ga abu biyu: samar da masu kafa kamfani da samar da masu iya aiki. Zaman da za a yi tsakanin su biyun bayan an haɗu, wato wa ke ba da umarni, wa ke jin koke, yaushe ake biyan albashi, an bar wa kowane kamfani ya ƙirƙiro nasa. A nan ne kowa ke komawa ga abin da ya tashi ya gani a gida da kasuwa.

3.0 Gadon Maigida da Yaronsa

Masana sun daɗe da nazarin wannan dangantaka. M. G. Smith ya yi bayanin barantaka a bincikensa na ƙasar Zazzau cikin shekarun 1950. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo a Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu da goro ya dogara kacokan a kan masu gidaje da yaransu: maigida ke sauke fatake, shi ke tsaya wa bashi, yaransa kuma su ne dillalai da masu karɓo kuɗi. Miliyoyin dukiya na sauya hannu ba tare da takarda ba, domin amana ce jarin kowa.

Abin lura shi ne wannan tsari yana da ginshiƙai uku. Na farko, yaro na ba da biyayya da lokacinsa duka. Na biyu, maigida na ɗaukar cinsa da suturarsa da jinyarsa, ya tsaya masa wajen aure, daga ƙarshe ya sallame shi da jari. Na uku, akwai idon jama'a: sarkin kasuwa da shugabannin dillalai da limamin unguwa da iyayen yaron duk sun san abin da ke tsakani, kuma maigidan da ya ci gumin yaronsa ya kore shi hannu rabbana zai rasa mutuncin da kasuwancinsa ya dogara a kai. Har yau haka abin yake gudana a karar Wudil da Kantin Kwari da Dawanau.

Matashin da ya kafa kamfanin haɗa manhaja ya gaji ginshiƙi na farko ba tare da ya nema ba. Ma'aikatansa na kiransa Oga ko Maigida ko da sa'o'insa ne, ba sa musa masa a gaban mutane, suna amsa saƙonsa na WhatsApp da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Amma ba shi da dukiyar da zai cika ginshiƙi na biyu, domin shi ma jiran masu zuba jari yake yi ko kuɗin kwangilar da ba a biya ba. Ginshiƙi na uku kuwa babu shi sam, saboda dattawan gari ba su san abin da ake yi a ofishin da hajarsa ba ta ganuwa ba, balle su shiga tsakani.

4.0 Abin da Girma Ke Sauyawa

A 1972 Larry Greiner ya wallafa wani nazari a mujallar kasuwanci ta Harvard inda ya nuna cewa kowane matakin girman kamfani na ƙarewa da rikici irin nasa. Matakin farko, na ƙirƙira, yana ƙarewa da rikicin shugabanci, lokacin da wanda ya kafa kamfanin ya kasa riƙe komai a hannunsa. Na biyu, na kafa doka da oda, yana ƙarewa da rikicin neman 'yanci daga ma'aikatan da suka ƙware. Wannan fasali ya dace da abin da ake gani a nan.

Lokacin da ma'aikata ba su wuce biyar ko shida ba, zaman na da daɗi. Ana cin abinci a kwano ɗaya, ana sallah sahu ɗaya, kowa ya san abin da ya shigo asusu. Idan albashi ya makara aka ce "a yi haƙuri, kuɗi bai shigo ba", kowa zai yarda domin ya ga shugaban ma a ƙafa ya zo. Kalmar "mu nan 'yan uwa ne" gaskiya ce a wannan mataki.

Da zarar an kai mutum ashirin ko talatin, abubuwa uku ke faruwa. Na ɗaya, ma'aikata na rabuwa gida biyu: 'yan farko, waɗanda ke shiga ofishin shugaba ba sallama, da sababbi, waɗanda ke jin labarin shawara bayan an yanke ta. Na biyu, a kan ɗauko ƙwararre daga Legas ko Abuja da albashin da ya ninka na wanda ya sha wahalar kafa kamfanin, sai tsohon ma'aikaci ya ji an ci amanarsa, alhali babu takardar da zai nuna. Na uku, a kan naɗa wanda ya fi kowa iya rubuta manhaja ya shugabanci sashe, ba tare da an koya masa yadda ake rabon aiki ko gyara kuskuren na ƙasa ba tare da cin fuska ba. Daga nan "mu 'yan uwa ne" sai ta zama abin da ake faɗa duk lokacin da wani ya tambayi ƙarin albashi ko hutu.

5.0 Kunya, Kara da Shirun Ma'aikaci

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta gano, a binciken da ta yi a asibitoci, cewa rukunin ma'aikatan da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi kawo rahoton kurakurai, domin ba sa tsoron faɗa. A 1999 ta faɗaɗa wannan fahimta, daga baya kamfanin Google ya nazarci rukunin ma'aikatansa 180 ya tarar cewa sakin jiki wajen yin magana shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke bambanta rukuni mai nasara da waninsa.

Wannan na da nauyi na musamman a ƙasar Hausa. Kunya da haƙuri suna cikin siffofin da Anthony Kirk-Greene ya lissafa a laccarsa kan mutumin kirki, kuma su da kara ne ke sa zaman tare ya yi sauƙi. Sai dai aikin manhaja yana buƙatar ƙaramin ma'aikaci ya iya cewa na sama da shi ya yi kuskure, tun kafin kuskuren ya kai ga kuɗin abokan ciniki. Ɗalibin da ya fito daga Wudil, wanda ya saba rusuna wa malami, zai ga ɓaraka ya yi shiru don kada a ce ya yi rashin kunya. Shugaba kuma sai ya fassara shirun da gamsuwa. Sau da yawa alamar farko da yake gani ita ce saƙon ajiye aiki, tare da uzurin "zan koma karatu" ko "iyaye sun ce in dawo gida", wanda shi ma kara ce aka yi masa.

Ga mata abin ya fi tsauri. Taron da aka sa bayan magariba ko shawarar da aka yanke a majalisar shayi na fitar da ma'aikaciya daga sahun masu faɗa a ji ba tare da kowa ya yi niyyar hakan ba. Ɗalibai masu neman sanin makamar aiki da masu hidimar ƙasa su ma suna cikin rauni, domin sa hannun shugaba a takardarsu ya fi ƙarfin kokensu.

6.0 Darasi Daga Wasu Wurare

A Fabrairun 2017 wata injiniya, Susan Fowler, ta bayyana cin zarafin da ta ce ta fuskanta a kamfanin Uber na Amurka da yadda aka yi watsi da kokenta. Binciken da ya biyo baya ya kai ga murabus ɗin shugaban kamfanin, Travis Kalanick, a watan Yuni na shekarar. A Maris ɗin 2022 jaridar TechCabal ta wallafa zarge-zargen tsofaffin ma'aikatan Bento Africa na Legas kan zagi da kora ba zato daga shugabansu, abin da ya sa ɗimbin matasa suka fito a Twitter suna ba da labarin shugabanninsu, hukumar daraktocin kamfanin kuma ta janye shi daga harkokin ma'aikata. A duka biyun, koke ya fita waje ne saboda ba shi da ƙofa a cikin gida.

Akwai kuma darasin kasuwa. A Satumbar 2019 Andela ta sallami ƙananan masu haɗa manhaja sama da 400 a Nijeriya da Kenya da Yuganda saboda ta sauya alƙiblar kasuwancinta. Wannan ya nuna cewa kamfani, komai kyawun zamansa, ba zai iya yin alƙawarin riƙon har abada irin na maigida ba. Bayan cire tallafin mai da sakin darajar naira a 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, don haka ƙwararren da ke zaune a Wudil da kwamfuta da intanet zai iya yi wa kamfanin waje aiki ya karɓi ninkin abin da kamfanin Kano zai biya. Biyayya kaɗai ba ta isa ta riƙe shi ba.

7.0 Giɓin Doka

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aiki cikin wata 3 da fara aiki, amma ma'anar ma'aikaci a dokar ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, don haka kariyar injiniyan manhaja ta dogara ne ga abin da aka rubuta a yarjejeniyarsa da kuma kotun ma'aikata ta ƙasa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Dokar fansho ta 2014, wadda ta ɗora kashi 10 a kan mai kamfani da kashi 8 a kan ma'aikaci, ta tilasta ne daga ma'aikata 15 zuwa sama. Ke nan a shekarun da ma'aikaci ya fi sadaukarwa, a lokacin ne doka ta fi barinsa ga halin shugabansa.

8.0 Kammalawa

Sakamakon wannan nazari shi ne dole kamfani mai tasowa ya gina madadin ginshiƙan nan biyu da ya rasa. Madadin sallama da jari shi ne rubutaccen kaso na hannun jari ko na riba, mai sharuɗɗa da wa'adi sanannu, tare da ranar albashi da ba ta motsi. Rubuta alƙawari ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni take yi da rubuta bashi da kafa shaidu a tsakanin muminai. Madadin idon dattawa kuwa shi ne hukumar daraktoci ko mashawarta da ke iya taka wa shugaba burki, da wani mutum ayyananne, ba shugaban ba, da ma'aikaci zai kai wa koke a asirce. Tun da kunya na hana magana a taro, ganawar mutum biyu a kai a kai ta fi dacewa da mu.

Jami'ar da ke Wudil da cibiyoyin Kano na da rawar takawa. Darussan koyon dogaro da kai da ake yi wa ɗalibai sun fi mai da hankali ga tsara kasuwanci da neman jari. Ya kamata a ƙara musu yadda ake karanta yarjejeniyar aiki, yadda ake rabon hannun jari tsakanin abokai, da yadda ake shugabantar sa'o'i. Lokacin da ya fi dacewa a rubuta waɗannan sharuɗɗa shi ne tun ma'aikata ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kafin kuɗi ya shigo kowa ya tuna alƙawarin yadda ya fi masa daɗi.