Matani da Sharhinsa a Bakin Masu Busa

A cikin fannonin kiɗan Turawa akwai wani wanda almajirin ilimi zai gane shi tun kafin a yi masa bayani, domin ƙa'idarsa ita ce ta matani da sharhi: mawallafi ya fara kawo karin waƙa guda a fili, sa'an nan ya riƙa maimaita shi cikin sigogi dabam-dabam, yana sauya masa tafiya da nauyi, amma da sharaɗin kada asalin ya ɓace wa mai sauraro. Misalin da na zaɓa shi ne Variations on a Korean Folk Song, wanda John Barnes Chance, Ba'amurke haifaffen Teksas a 1932, ya tsara wa badujala a 1965, har ya ci kyautar Ostwald da shi a shekarar da ta biyo.

Matanin nasa Arirang ce, waƙar gargajiyar Koriya wadda ya ji a birnin Seul tsakanin 1958 da 1959, sa'ad da yake aiki da badujalar rundunar sojan Amurka. Karinta a kan sauti biyar ya ginu, kuma masu kilarinet ne ke buɗe shi da ƙasaƙasar murya, cikin natsuwa, kamar alaramma yana biya wa yaro allonsa. Daga nan sharhi biyar ke biyowa.

Akwai masu ganin cewa wanda ya ɗauko waƙar wata al'umma ya yi gini a kanta bai ƙago kome ba, aro kawai ya yi. Hujjata a kansu kuwa tana cikin sharhi na biyu, inda Chance ya kifar da karin gaba ɗaya, ya zamana duk inda asali ya hau nan ya sauka, duk inda ya sauka nan ya hau, ya kuma danƙa shi ga obo, 'yar'uwar algaitarmu ta fuskar bakin busa ko da yake ta fi ta taushin murya nesa ba kusa ba. Mai sauraro yakan ji kewar nan da Koriyawa suka san waƙarsu da ita, alhali kuwa tafiyar karin ba ta asali ba ce, kuma wannan ba ya samuwa sai ga wanda ya fahimci ma'anar matani, ya wuce haddar lafazinsa.

Sharhi na uku maci ne na masu ƙaho, na huɗu kuma a hankali yake tafiya. Na biyar, wanda ganguna ke shigewa gaba kuma jama'a suka fi yi wa tafi, a ra'ayina shi ne mafi rauni, saboda amon ya rinjayi waƙar har ya kusa mai da ita taken nasara. Da Allah ya ja zamanin mawallafin, wataƙila da ya sake koma wa wannan fanni da hannu mafi sauƙi, sai dai wutar lantarki ta yi ajalinsa a gidansa da ke Lezintin ta Kentaki a 1972, yana da shekara 39.